Injin da Ba Ya Son Miƙaƙƙen Layi

Hafford, Saskatchewan
3 ga Yuli, 1986

Yaya Myron,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da ramin ma'adinan da kake shiga kullum. Mu nan sai godiya. Babanmu Tato yana nan yadda ka bar shi a Kirsimeti, ɓarin jikinsa na dama da ya shanye bai dawo ba, magana ɗaya-ɗaya, amma ido kam yana nan garau. Kowace safiya sai na tura kujerarsa bakin tagar da ke kallon gona, ya zauna yana duba aikina kamar yadda ya saba duba namu tun muna yara.

Da na buga maka waya, amma ka san gida shida ne muke raba layin waya ɗaya, kuma ina ɗaga kan waya nake jin numfashin matar maƙwabcinmu Orest Bilyk. Gara in sayi kan sarki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na sayi injin naɗe ciyawa da wani ya yi amfani da shi a gwanjo, irin mai yin babban dami zagayayye wanda tarakta ke ɗauka. Kada ka ce komai tukuna. Bara ni kaɗai na ɗaga ƙananan dammuna dubu huɗu da hannuna, har yau bayana bai yafe mini ba. Mai injin ya rantse mini lafiyarsa ƙalau, ga fenti kamar sabo. Na kawo shi gida, na yanke gonar kudu, ciyawa ta bushe yadda ake so, na shiga. Myron, abin da yake haifowa ba dami ba ne, ƙwai ne. Tsakiya ta kumbura ta yi tauri, gefe da gefe laɓo-laɓo. Igiya ba ta zama a kai, zamewa take yi. Bel ɗin gefe biyu suna saki, ɗaya ya hau kan ɗaya, su murɗe, in tsaya in warware. Jiya dami bakwai na yi daga hantsi zuwa la'asar, biyar sun watse kafin in kai su bakin shinge.

Shanu talatin da huɗu ke gare mu, ina bukatar dami ɗari biyu da ashirin kafin ƙanƙara ta sauko. Orest ya riga ya zo sau biyu da hularsa a hannu, wai zai sayi shanun ya kuma karɓi gonar haya, don in huta. Na ce masa ban gaji ba.

Kai ne bakanike. Gaya mini abin da zan duba. Shawarar inji nake nema, ba ta zaman duniya ba.

Ƙanwarka,
Halya

Thompson, Manitoba
9 ga Yuli

Halya,

Na samu takardarki, na ji daɗin jin Tato yana nan da ƙarfinsa. Ki gaishe shi in zai amsa. Ni lafiya lau, sai sauro, waɗanda a nan suka kai girman kajinki.

Wato kin je gwanjo kin sayi fenti. Madalla. Ba wanda ke sayar da injin da ke masa aiki a farkon lokacin yanka, amma tunda an riga an yi, mu ga abin da za a iya.

Kafin komai, duk abin da za ki taɓa a jikin injin nan, ki kashe tarakta, ki zare makulli, ki sa shi a aljihu. Ba wasa nake ba. In ciyawa ta cushe a baki, kada ki tura ta da hannu ko da ƙafa yana juyawa.

Ki cire bel ɗin duka ki shimfiɗa su a ƙasa gefe da gefe, ki auna. In wani ya fi wani tsawo da abin da ya wuce faɗin yatsa biyu, ki yanke shi ki sake ɗinke bakin. Ki bar injin ya yi gudu ba komai a ciki na ɗan lokaci, ki kashe, sannan ki dafa kowane boris da rola ke juyawa a kai da bayan hannu. Wanda ya yi zafi ya mutu, ki canja shi, don shi ke tayar da gobara a gona. Ki duba sarƙa, ki sha wa ko'ina giris, ki kankare duk dattin da ya manne a kan rola.

Sannan ki gaya mini, da wace manjagara kike tara ciyawar, kuma layin da take bari faɗinsa nawa ne?

Kin ce kada in ba ki shawarar zaman duniya, amma ni yayanki ne, baki kuma nawa ne. Maganar Orest ba ta banza ba ce. Shekarunki arba'in da ɗaya, ga tsoho a kujera, ga shanu, ga gona, ke kaɗai. Ba abin kunya ba ne mutum ya san iyakarsa. Ki yi tunani.

Myron

Hafford
15 ga Yuli

Yaya,

Muna lafiya. Na isar wa Tato gaisuwarka, ya ɗaga gira ɗaya, ka san a wurinsa wannan doguwar amsa ce.

Na yi tunanin da ka ce in yi, ya ɗauke ni tsawon shan kofin shayi ɗaya. Amsar ita ce a'a. Iyakata ni zan faɗe ta, ba kai da ke mil ɗari shida daga kashin shanun nan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu ga aikinka. Na cire bel takwas na shimfiɗa a tsakar gida, kaji suka yi ta yawo a kai. Biyu sun fi tsawo, na yanke na ɗinke. Boris ɗaya na hagu ya ƙona mini bayan hannu, na je gari na samo wani, na kwashe yini guda ina fama da shi da guduma da sifana har da zagi. Giris kuwa na sha masa har ni ma na sha. Na koma gona da murna, sai ga ƙwai ya sake faɗowa, ya ma fi na da kyau.

Ranar Alhamis aka yi ruwa, ranar Asabar aka ƙara. Abin da ya rage a kwance a gonar kudu ya yi baƙi, ko tsohuwar saniyarmu Zirka da ke cin tsumma ba za ta kalle shi ba. Ina tsaye ina kallon asarar sai ga Orest a motarsa. Ya leƙo ya ce, "Halya, Allah ya kiyaye gaba. Ni fa ba matsa miki nake ba, amma motar shanu za ta biyo ta nan sha biyar ga Agusta." Na ce, "To Orest, ka gaishe ta in ta wuce." Da ya tafi na shiga rumbu na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, kukan haushi ne.

Ka tambayi manjagara. Wacce kuma? Ta Tato mana, ita ce dai. Layin siriri ne tsaf, bai kai rabin bakin injin ba, kuma ko makaho ya shafa ya san a miƙe yake. Ina saita hancin tarakta da turken shinge na can ƙarshe, in ɗora layin a tsakiya daidai, ba na waiwaye ba na karkacewa. Ranar nan da na dawo Tato ya kalle ni ya ce, "Sak." Kalma ɗaya, amma ta ishe ni mako guda. Don haka ba daga nan ba ne, ka nemi wani dalilin.

Gonar gabas tana tsaye, furen ya fara wucewa. Ba zan yanke ba sai na ji daga gare ka. Ka hanzarta.

Halya

Katin gidan waya
21 ga Yuli

Halya, jirgi na jirana, an tura ni gyara a sansanin daji. Kada ki ƙara taɓa injin, lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana zaune a kan kujerar tarakta. Ki daina tuƙi irin na Tato. Bayani na tafe. M.

Hafford
26 ga Yuli

Myron,

Muna lafiya, in hakan ya dame ka.

Kati ka aiko mini. Kati, ba ambulan! Kafin ya iso hannuna ya riga ya zaga Hafford. Na shiga kanti sayen gishirin shanu sai kowa ya yi shiru. A bakin coci matar Orest ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, "Haba Halya, kada ki sa a ranki, maza haka suke magana. Amma dai ɗan'uwa ba zai ƙi ki da gaskiya ba." Shekara uku ina hana mutanen nan abin faɗa, ka ba su shi kyauta da hatimin gwamnati a kai.

Ni ce matsalar, ko? To na ji. Ni ce matsalar da ta tsaya lokacin da ka tafi. Ni ce matsalar da ke juya Tato a gado, ta fasa ƙanƙarar mashayar shanu da gatari a watan Janairu, ta zura hannu cikin saniya ta jawo maraƙi. Wannan zan iya haɗiyewa. Amma ka sa Tato a ciki, mutumin da kofin gasar huɗa uku ke kan kabad ɗinsa, wanda mutane ke tsayar da mota a hanya don su kalli layinsa. Wa ke faɗin haka? Kai, da ba ka taɓa jan layi ɗaya miƙaƙƙe ba a rayuwarka. Ka ɗauka na manta? Ina tsaye ranar da ya sa ka sake huɗe gonar bakin hanya daga farko, ya ce ba za a ce ɗan gidan Demchuk ne ya yi wannan tafiyar macijin ba. Kana da shekara sha tara, ka gama, ka ajiye makulli a kan tebur, kaka ba ta yi ba ka bar gida. Shekara ashirin da biyar ke nan, har yau ba ka huce ba, sai ka rama a kan kati.

Ban karanta masa ba, kuma ba zan karanta ba.

Bayanin da ka ce yana tafe bai zo ba. Na daina jira. Jibi zan yanke gonar gabas. In injin ya ƙi, zan kwashe ta da cokalin ciyawa yadda kakanninmu suka yi, ko zan mutu a kai. Shanun nan ba za su hau motar kowa ba.

Halya

Thompson
2 ga Agusta

Halya,

Jiya na fito daga daji na tarar da takardarki, har yanzu tana hayaƙi. Ina fata ke da Tato kuna lafiya. Kwana goma muka yi hazo ya hana jirgi sauka, shi ya sa kika ji shiru.

Katin kuskure ne, na amsa laifina. Shi ne kawai takardar da ke aljihuna, kuma na manta yadda Hafford take. Ki yi haƙuri da wannan. Amma abin da na rubuta ba zan janye ko harafi ɗaya ba, don ba zagi ba ne, gyara ne. Zauna ki karanta a hankali, ki ajiye gatarin tukuna.

Tsohon injinmu na ƙananan dammuna yana da abin da ke tattara ciyawa ya tura ta cikin akwati, ko ta ina ta shigo. Shi ya sa Tato yake yin layi siriri ya bi shi sak, kuma yana da gaskiya. Wannan naki ba haka yake ba. Inda ciyawa ta shiga, nan take zama. Bakinsa ƙafa biyar, layinki ƙafa biyu, kina ɗura masa a tsakiya tun daga farko har ƙarshe. Tsakiya ta ƙoshi, gefe na jin yunwa. Bel ɗin gefe ba su da abin da za su riƙe, dole su saki su murɗe, igiya kuma ba ta da kafaɗar da za ta zauna a kai. Duk kyan tuƙinki shi ke ɓata damin.

Ga magani. Ki fara damin a tsakiya kaɗan, sannan ki karkata har layin ya koma can gefen hagu na bakin injin. Ki ƙirga goma. Ki fizge sitiyari ki tsallaka, layin ya koma can gefen dama. Ki ƙirga goma. Ki sake dawowa. Kada ki yi jinkiri a tsakiya, tana samun rabonta a wucewa. Ki riƙa waiwaye kina kallon bel, wanda ya saki, ɓangarensa ke neman abinci. Haka za ki yi ta tafiya har ƙarshen gona, kamar Kawu Panas yana dawowa daga biki a buge.

Na san abin da nake ce ki yi. Gonar gabas a bakin hanya take, kuma tagar Tato tana kallonta. Za a ce kin sha. Shi kuwa zai ga 'yarsa guda da ta gaje shi tana tafiyar maciji a gonarsa. Gaskiya ban sani ba ko za ki iya. Fasa ƙanƙara da gatari ya fi wannan sauƙi a gidanmu.

Kin ce ban huce ba. Ƙila. Amma ba don haka na ce ki saurari Orest ba. Akwai wani da muke aiki tare a nan, da manomi ne, irin injin nan ya cinye masa hannu har kafaɗa, yana shi kaɗai a gona. Tun da na karanta takardarki ta farko nake ganinsa a idona. Tsoro nake ji, Halya. Makulli a aljihu.

Yayanki mai tafiyar maciji,
Myron

Hafford
11 ga Agusta

Yaya Myron,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ni da Tato da shanu talatin da huɗu.

Takardarka ta zo ranar Juma'a. Na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na zage ka, na sake karantawa. Ruwa ya hana ni yanka sai farkon makon jiya, don haka gonar gabas na kwance a bushe tana jira. Na yi tunanin in bari sai Tato ya yi barcin rana, ko in manta ban tura kujerar bakin taga ba. Sai na ce a'a, ban taɓa yin aiki a ɓoye a gonar nan ba, ba kuma zan fara yau ba. Ranar Asabar da safe na tura shi wurinsa, na goge masa gilashin tagar ma.

Ka san Asabar, kowa na kan hanyar gari. Na shiga layin farko, na karkata hagu. Myron, hannuna ƙi ya yi. Sai da na yi ƙirgar da ƙarfi kamar 'yar makaranta, na fizge zuwa dama. Kafin in kai ƙarshen layi na biyu motoci uku sun tsaya. Orest ya tsallako shinge yana ɗaga hula yana ihu, "Halya! Lafiya? Sitiyarin ne ya kwance?" Na ce, "Matsa, Orest, kada in karkato ta kanka!" Matarsa tana cikin mota da hannu a baki. Na naɗe igiya, na buɗe ƙofar baya, damin ya gangaro. Kafaɗa a tsaye, gefe da gefe daidai, igiya zaune daram. Na sauka na kai masa naushi, hannuna ne ya ji ciwo. Orest ya zagaya shi sau biyu. Dami arba'in da ɗaya na yi ranar, bel ko ɗaya bai murɗe ba.

Da na koma gida na tarar Tato ya juya kujerarsa da ƙafa ɗaya, ya ba taga baya. Na kawo masa miya ya ture. Na yi masa magana ya rufe ido. Wannan ya fi dariyar Hafford duka ciwo, amma ban ba shi haƙuri ba. Na ce, "Tato, gobe bayan coci za ka je ka gani da idonka, ko kana so ko ba ka so."

Na ɗora shi a mota na kai shi har gindin dami. Ya daɗe yana kallon sawun taya, yadda ya yi ta lanƙwasa daga wannan shinge zuwa wancan. Sannan ya miƙa hannun hagu ta taga ya danna babban yatsa a tsakiyar damin, bai shiga ba. Ya sa na matsa da motar, ya danna a gefe, nan ma bai shiga ba. Ya finciko 'yar ciyawa ya shinshina. Ya ce, "Wa?" Wato wa ya koya mini. Na ce, "Myron." Ya sake juyawa ya kalli sawun taya. Can ya ce, "Karkatacce." Na buɗe baki zan kare ka, ka ji abin mamaki, sai ya ɗaga yatsa ya tsayar da ni. Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi, har ya fitar da ita. Ya ce, "Ya zo." Kai yake nufi, kiranka yake yi.

Motar shanu za ta wuce ranar Juma'a. Zan tsaya a bakin hanya in ɗaga mata hannu.

Dami ɗari da sittin zan samu a gabas in sama ta bar ni. Sauran sittin suna fadama, wadda ba ta yankuwa sai ƙarshen wata, kuma ka san tana daidai ƙarƙashin tagar Tato. Zan iya yin ta ni kaɗai, kada ka ɗauka taimako nake roƙo. Amma na bar maka ita. Ka nemi hutu ka zo. Shekara ashirin da biyar aka ɗauka kafin a ƙera injin da ya dace da tuƙinka, ga shi a tsakar gidanmu, kuma tsohon ya ce a sake goge masa gilashi.

Ka rubuto ranar da za ka sauka. A ambulan.

Ƙanwarka,
Halya